Fada Carlo na Jenowa: Matafiyin Bangaskiya da Ya Rasu a Birnin Katsina a 1711

Wanda ya tashi daga Makera ko Dutsin-Ma ya bi ta Kurfi, ba ya daɗewa a mota sai ga shi a birnin Katsina. Amma akwai wani bawan Allah da ya share fiye da shekara guda a kan hanya kafin ya ga ganuwar wannan birni, da ya shiga kuwa bai sake fitowa ba. Sunansa Fada Carlo, mutumin Jenowa ta ƙasar Italiya, ɗan jam'iyyar Waliyi Faransis na Asisi. Shi da abokin tafiyarsa, Fada Severino na ƙasar Silesiya, su ne firistocin Katolika na farko da tarihi ya rubuta zuwansu ƙasar Katsina. Dukansu biyu sun rasu a cikin birnin a watan Agusta na shekarar 1711.

Idan aka auna tafiyarsa da mudun duniya, za a ce ta faɗi. Bai kai inda ya nufa ba, bai gina coci ba, bai bar jama'ar masu bi a bayansa ba. Saboda haka ya kamata mu ɗora labarinsa a kan ma'aunin Littafi Mai Tsarki, mu jera shi da tafiyar Ibrahim, da ta Musa, da ta Manzo Bulus, domin mu ga yadda Allah yake lissafin tafiyar bayinsa.

Gidan da ya fito

Jenowa birni ne na bakin Bahar Rum, mutanensa sun shahara da tuƙin jirgin ruwa da fatauci. Carlo ya bar wannan duka ya shiga jam'iyyar da Waliyi Faransis ya kafa, inda ake ɗaukar wa'adin talauci da tsarkin jiki da biyayya. Tun daga tushe wannan jam'iyya ta saba da zama a tsakanin Musulmi. A shekarar 1219, ana tsakiyar yaƙi a Damiyetta ta ƙasar Masar, Faransis da kansa ya ƙetare fagen fama ba makami, ya je gaban Sarki Malik al-Kamil. Sarkin ya saurare shi, ya sallame shi cikin mutunci. Daga nan 'ya'yan jam'iyyar suka gaji wannan hali na shiga cikin mutane da salama.

A shekarar 1622 Paparoma Gregori na 15 ya kafa ofishin yaɗa bangaskiya a Roma, wanda aka sani da sunansa na Latin, Propaganda Fide. Shi ne yake rarraba masu aikin bishara zuwa ƙasashe masu nisa. A ƙarƙashinsa 'yan jam'iyyar Faransis suka zauna a Tarabulus ta ƙasar Libiya ta yau, wadda a lokacin take hannun Turkawa. Babban aikinsu a can shi ne hidima ga Kiristocin da aka kamo a teku aka mai da su bayi: su yi musu Misa, su ji tubansu, su yi jinyarsu, su binne matattunsu. Tarabulus kuwa ita ce bakin hanyar ayarin da ke ratsa Sahara, saboda haka labarin Barno da ƙasar Hausa yakan iso kunnensu daga bakin fatake da alhazai da bayin da aka kawo daga kudu.

Kiran da ya zo ta bakin fatake

Wajen shekarar 1700, shekarar da Paparoma Kilemen na 11 ya hau kujerar Bitrus, rahoto ya isa Roma daga Tarabulus cewa a kudu da Barno akwai wata al'umma mai ƙarfi da ke girmama alamar gicciye, har ana ɗaukar ta a kan Kiristoci ce da suka rasa firist. Kwararrafa ake nufi, wadda mayaƙanta suka tsananta wa Kano da Katsina a ƙarni na 17. Roma ta buɗe aikin bishara na Barno domin a bi ta can a kai gare su. Wani ɗan jam'iyyar ya fara gwadawa ta Masar da Sennar, hanya ta gagare shi. Sai nauyin ya faɗo a kan Fada Carlo, aka naɗa shi shugaban aikin bishara na ƙasar da bai taɓa gani ba.

A nan labarinsa ya fara kama da na kakanmu Ibrahim. Littafin Farawa sura 12 ya nuna mana mutum mai shekara 75, zaune lafiya a Haran tare da danginsa da dukiyarsa, Allah ya umarce shi ya tashi zuwa ƙasar da za a nuna masa daga baya. Ba a ba shi taswira ba, ba a faɗa masa yawan zangon da zai yi ba. Ya ɗauki Saratu da Lutu ya kama hanya. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 11, ta yaba masa a kan wannan, cewa ya fita bai san inda za shi ba.

Akwai bambanci da ya kamata mu lura da shi. Ibrahim muryar Allah ya ji kai tsaye. Fada Carlo kuwa labarin fatake ya ji, da umarnin shugabanninsa, labarin ma an ƙara masa gishiri, gama Kwararrafa ba ƙasar Kiristoci ba ce. Ta wannan fuska ya fi kama da mu. Yawancinmu ba mu taɓa jin murya daga sama ba. Kiranmu yakan zo ta bakin Bishop, ko Fada, ko katikis, ko iyaye, ko kuwa ta bukatar maƙwabci. Abin da ya motsa zuciyar Fada Carlo shi ne tunanin cewa akwai tumaki a wani wuri da ba su da makiyayi. Ko da labarin bai cika daidai ba, ƙaunar da ta tashe shi ta gaskiya ce, ita ce kuma Allah yake dubawa.

Shekarun jira

Daga isowar rahoton farko zuwa ranar da aka ɗaura wa raƙuma kaya, shekara 10 ta wuce. Ba a ratsa Sahara sai da ayari, ayari ba ya tashi sai da lokacinsa, baƙo kuma ba ya shiga cikinsa sai da yardar masu mulki da amincewar madugu. Fada Carlo ya zauna a Tarabulus yana tambayar masu zuwa daga kudu, yana neman wanda zai amince ya tafi da shi.

Jira wani sashe ne na kowace tafiyar bangaskiya. Ibrahim ya karɓi alkawarin zuriya yana da shekara 75, bai rungumi Ishaku ba sai da ya cika 100. Littafin Maimaitawar Shari'a ya ce daga Horeb zuwa Kadesh-barneya tafiyar kwana 11 ce, amma Isra'ilawa sun yi shekara 40 a jeji. Bulus ma bayan da Ubangiji ya tare shi a hanyar Dimashƙu, ya tafi Arabiya, ya koma Tarsus ya zauna shiru, sai da Barnaba ya je ya ɗauko shi zuwa Antakiya. Amma jiran ba iri ɗaya ba ne. Ibrahim da ya gaji, ya bi shawarar Saratu ya nemi gajeriyar hanya ta wurin Hajaratu, gidansa ya shiga rikici. Isra'ilawa da suka ga Musa ya daɗe a kan dutse, suka ƙera ɗan maraƙi na zinariya. Bulus kuwa ya jira har aka kira shi. Haƙuri ne ya raba su, shi ne kuma guzurin da Fada Carlo ya tara kafin ya ga rairayi.

Hanyar da ta toshe

A tsakiyar shekarar 1710 Fada Carlo da Fada Severino suka bar Tarabulus suka nufi Fezzan, wadda babban birninta shi ne Murzuk. Daga can hanyar Barno ta miƙe kudu, ta bi ta Kawar da Bilma mai gishiri, har ta kai Birnin Gazargamu, fadar Mai na Barno. Da suka isa Fezzan sai suka tarar wannan hanya ba ta biyuwa saboda rashin tsaro. Shugaban aikin bishara na Barno ya ga ƙofar Barno ta rufe a gabansa. Yana iya komawa bakin teku ba wanda zai zarge shi. Maimakon haka, wajen ƙarshen shekarar, suka bi ayarin da ya karkata yamma zuwa Agadas, birnin Sarkin Abzin. Bayan sun zauna a can, suka sake bin wani ayari na tafiyar kimanin wata guda zuwa Katsina, da fatan daga ƙasar Hausa za su sami hanyar Kwararrafa. Daga Tarabulus zuwa Katsina ya haura kilomita 2,000 ko da a miƙe aka auna, balle ta wannan zagaye, a kan raƙumi da ƙafa, daga rijiya zuwa rijiya.

Ayyukan Manzanni sura 16 ta ba mu irin wannan. Bulus da Sila da Timoti sun so su yi wa'azi a lardin Asiya, Ruhu Mai Tsarki ya hana su. Suka juya za su Bitiniya, nan ma aka hana su. Suka gangara Taruwasa, a can ne Bulus ya ga wahayin mutumin Makidoniya yana roƙon taimako. Ta ƙofofi biyu da suka rufe bishara ta ƙetara zuwa Filibi, inda Lidiya mai sayar da jan alharini ta karɓi baftisma da iyalinta. Mu gwada wannan da Annabi Yunusa. Shi ma ya sauya hanya, amma don kansa ya sauya ta: an aike shi Nineba, ya shiga jirgin Tarshish. Bulus da Fada Carlo sun sauya hanya suna riƙe da saƙon, Yunusa kuwa ya sauya hanya yana gudun saƙon. Idan shirinmu ya rushe, tambayar da za mu yi wa kanmu ke nan: Allah ne ya karkatar da ni, ko ni ne nake gudu?

Waɗanda Allah ya haɗa su da su

Ayarin da ya ɗauki waɗannan firistoci biyu na Musulmi ne. Su suka san rijiyoyi, su suka san taurari, su suka san inda 'yan fashi ke fako. Da hannunsu Allah ya kiyaye bayinsa wata da watanni. Wani Alhaji ɗan kasuwa da ya yi tafiyar tare da su shi ne kuma ya koma Tarabulus a shekarar 1712 ya sanar da 'yan'uwansu yadda suka ƙare. Ba domin amanar wannan Musulmi ba, da sunansu ya ɓace cikin rairayi, da mu ma ba mu da abin rubutawa a yau.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Littafi Mai Tsarki. A Littafin Ƙidaya sura 10, Musa, wanda al'amudin girgije yake yi wa jagora, ya roƙi Hobab Bamadayane kada ya rabu da su, domin shi ya san wuraren zango a jeji. Ibrahim da Saratu ta rasu, wurin Hittiyawa ya je neman makwanci, suka karɓe shi da girmamawa. Bulus da jirginsu ya farfashe a tsibirin Malita da mutum 276 a ciki, mutanen tsibirin ne, waɗanda ba su san Almasihu ba, suka hura musu wuta suka yi musu alheri. A littafin Tobit kuwa, saurayi Tobiya ya ɗauki abokin tafiya zuwa Midiya, bai san Mala'ika Rafayel ne ba sai da suka dawo gida. Mu da muke zaune ƙofa da ƙofa da 'yan'uwanmu Musulmi, muna cin kasuwa ɗaya, muna shan rijiya ɗaya, kada mu manta cewa sau da yawa taimakon Allah yakan zo ta hannun wanda ba ya shiga cocinmu.

Katsina, zangon ƙarshe

Birnin da suka shiga a 1711 ba ƙaramin gari ba ne. Katsina ta wancan zamani tana cikin manyan kasuwannin ƙasar Hausa, matattarar Larabawa da Buzaye da Wangarawa, gari mai ganuwa da ƙofofi, ga hasumiyar Gobarau tsaye a tsakiyarsa. Gari ne kuma na malamai, inda sunan Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, waɗanda suka rayu a ƙarni na 17, yake a bakin kowa. Saura kusan shekara 100 a yi jihadin da ya sauya sarautar birnin.

Sun iso da damina, jikinsu ya riga ya gaji da hamada. Bisa ga labarin da ɗan kasuwan ya kai, ruwan da suka sha bai karɓe su ba. Fada Carlo ya kwanta, jikinsa ya kumbura, cikin 'yan kwanaki ya cika. Fada ta sa aka kwashe kayan da ya bari. Fada Severino ya je gaban Sarki neman a mayar masa, aka nuna masa za a mayar idan ya bar addininsa, shi kuwa ya zaɓi ya rasa kayan. Ba da jimawa ba cutar ta kama shi, ya bi ɗan'uwansa. Ba takobi ne ya kashe su ba, ciwo ne irin wanda yake ɗaukar kowane baƙo da kowane ɗan gari. Babu wani dutse da ke nuna inda aka sa su.

Wa zai karanta wannan bai tuna da Musa ba? Bayan shekara 40 yana ɗauke da nauyin jama'a, ya hau Dutsen Nebo a ƙasar Mowab yana da shekara 120, aka nuna masa ƙasar alkawari daga nesa, ya rasu bai taka ta ba, ba wanda ya san kabarinsa. Gaskiya ne Littafin Ƙidaya sura 20 ya danganta hana shi shiga da abin da ya faru a ruwan Meriba. Duk da haka Littafi Mai Tsarki bai kira shi wanda ya kāsa ba, bawan Ubangiji ya kira shi, shi ne kuma ya bayyana tare da Iliya a ranar da kamannin Yesu ya sāke a kan dutse. Ibrahim, wanda aka yi wa alkawarin ƙasa duka, ya rasu bai mallaki komai a cikinta ba sai gonar Makfela da kogonta, wadda ya saya shekel 400 na azurfa domin kabari. Bulus ya rubuta wa Romawa cewa yana da niyyar wucewa Asbaniya, amma da sarƙa ya shiga Roma, a can kuma aka sare kansa a zamanin Nero. A tarihin Ikilisiya ma haka ne: Waliyi Faransis Zabiya ya rasu a 1552 a wani tsibiri yana hangen gaɓar ƙasar Sin da ya yi marmarin shiga. Ibraniyawa sura 11 ta tattara irin waɗannan duka, ta ce sun mutu cikin bangaskiya ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, daga nesa suka hango shi suka yi murna da shi.

Abin da ya tsiro daga baya

Kusan shekara 200 ta wuce shiru. A watan Fabrairu na 1907 Fada Oswald Waller da abokansa biyu na jam'iyyar SMA suka sauka a Shendam, cikin yankin da ke da tsohuwar dangantaka da Kwararrafa, daga can Ikilisiya ta kafu a arewacin Binuwai. A 1953 aka yanke yankin Sakkwato da Katsina aka danƙa wa 'yan jam'iyyar Waliyi Dominik daga Amurka, a 1964 ya zama Dayosis na Sakkwato, Bishop Edward Lawton ne na farko. Daga Gusau da Funtuwa da Malumfashi aikin ya shiga ƙauyukan Maguzawa, yawancinsa a kan ƙafafun katikis da kekunansu.

Yanzu mu waiwayi zangon Fada Carlo ɗaya bayan ɗaya. Barno da ta rufe masa ƙofa ta sami Dayosis na Maiduguri a 1966. Agadas da ya ratsa ta shiga cikin Dayosis na Maraɗi da aka kafa a 2001. Wukari, mazaunin Aku Uka na Jukunawa magādan Kwararrafa, ta zama dayosis a watan Disamba na 2022. A ranar 16 ga Oktoba 2023 kuwa Paparoma Francis ya kafa Dayosis na Katsina, aka keɓe Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar, a ranar 12 ga Disamba na shekarar. Tsakanin kabarin da ba a sani ba da kujerar Bishop akwai shekara 312.

Ba muna cewa Fada Carlo ne ya kafa waɗannan ba. Waɗanda suka zo daga baya ta teku da kogin Kwara suka bi, ba su gaji komai daga hannunsa ba. Amma a wurin Allah babu hadayar da ke zubewa banza. Ubangijinmu ya koya mana a Yohanna sura 12 cewa ƙwayar hatsi sai ta faɗi ƙasa ta mutu take ba da 'ya'ya, a sura 4 kuma ya nuna cewa wani ke shuka, wani ya girbe. Kowane manomi a Makera ya san wanda ya dasa tsamiya ba lalle ne ya sha inuwarta ba.

Darasi gare mu

Mu ma matafiya ne. A cikinmu akwai iyalan da rikicin 'yan bindiga ya raba da gonakinsu da kaburburan iyayensu, suka koma zaman gari ba da son ransu ba. Akwai matasan da ke tafiya cirani da rani, da 'yan makaranta da ke nesa da gida. Akwai katikis da ya yi shekaru yana tara mutum goma a ƙarƙashin rumfa, adadin bai ƙaru ba. Akwai uwa da ta daɗe tana addu'a domin ɗan da ya bar Misa, har yanzu ba ta ga amsa ba. Jarabar da ke gaban irin waɗannan ita ce su ce wahalarsu ta tashi a banza.

Tafiyoyin da muka gwada sun ba da amsa guda. Daga Ibrahim mu koyi tashi idan an kira mu, ko da ba mu ga ƙarshen hanya ba. Daga Isra'ilawa mu koyi tsoron gunaguni da gumakan da gajiya ke sa mutum ya ƙera. Daga Bulus mu koyi karɓar ƙofar da ta rufe ba tare da yar da saƙon ba. Daga Musa mu koyi miƙa sanda ga Joshuwa da zuciya ɗaya, wato mu koya wa 'ya'yanmu addu'a da katikisma domin su ci gaba daga inda muka tsaya. Daga Fada Carlo da Fada Severino kuwa mu koyi cewa Allah ba zai tambaye mu ko mun kai ba, zai tambaye mu ko mun yi aminci har inda ƙarfinmu ya ƙare.

Ya dace a kowane watan Agusta mu tuna da waɗannan bayin Allah biyu a cikin Misa da addu'ar iyali, mu kuma roƙa wa zuriyar waɗanda suka ba su ruwa da masauki a hanya albarka. Allah ya ba su hutawa ta har abada, haske marar ƙarewa ya haskaka su. Mu da muka rage a hanya, Ubangiji Yesu, wanda ya yi tafiya tare da almajirai biyu zuwa Imuwasu ba su gane shi ba sai a wurin gutsura gurasa, ya riƙe hannunmu har mu isa gida. Amin.